33,550,336: lamba ta biyar da ta ɓata wa malamai lissafi

Miliyan talatin da uku da dubu ɗari biyar da hamsin da ɗari uku da talatin da shida. Mu nan Ghana irin wannan lambar ba ta firgita mu, balle wanda ya yi wayo kafin 2007, lokacin da ake cika leda da takardun sidi don kawai a sayo buhun shinkafa. A watan Yuli na 2007 aka canza kuɗi aka yanke sifili huɗu, sidi dubu goma na da ya koma sidi ɗaya, amma har gobe in ka shiga kasuwar Kejetia ko ta Asawase a Kumasi za ka ji Hajiya mai atamfa ta ce maka "miliyan uku ne ɗana" alhali sidi ɗari uku take nufi, kai ma kuma ka gane ba sai an yi maka bayani ba. To in da tsohon kuɗi ne, wannan lamba tamu sidi 3,355 ce kawai da 'yan pesewa uku. In kuma mutane ne, ta ɗan haura yawan jama'ar Ghana da aka ƙirga a 2021, da aka samu miliyan 30.8.

Ba girmanta ne ya sa na ɗauko ta ba dai, lambobin da suka fi ta girma ai ba su da iyaka. Tana cikin wani ɗan ƙaramin dangi ne da masu lissafi suke kira cikakkun lambobi, ita ce ta biyar a cikinsu, kuma ita ce ta fara rusa wata magana da aka yi ta kwafa daga wannan littafi zuwa wancan sama da shekara dubu.

Bari in fara daga ƙasa yadda nake yi wa yaran da nake wa darasin yamma a Aboabo, masu shirin BECE, jarabawar kammala ƙaramar sakandare. Ɗauki kowace lamba ka ga dama. Nemo duk lambobin da suke raba ta ba saura, ka ajiye ita kanta a gefe, sai ka tara sauran. Abu uku ne kaɗai zai iya faruwa. Goma misali, masu raba ta su ne 1 da 2 da 5, ka tara ka samu 8, bai kai goma ba, to wannan lamba ce mai giɓi. Sha biyu kuwa tana da 1, 2, 3, 4, 6, jimla 16, ya wuce ta, wannan mai rara ke nan. Sai shida: 1 da 2 da 3, ka tara, shida cif. Ba giɓi ba rara. Ita ce cikakkiya. A littattafan hisabi na Larabci haka aka kasa su, naƙis da za'id da tamm.

Wanda ya ɗan zauna gaban malami ya karanta rabon gado ya riga ya san wannan abin ko da bai san sunansa ba. Mace ta rasu ba ɗa, ta bar miji da uwa da 'yan uwa biyu da suka haɗa uwa ɗaya da ita: miji ya ɗauki rabi, uwa sudusi, 'yan uwan sulusi. A kasa dukiyar shida, miji uku, 'yan uwa biyu, uwa ɗaya, ta ƙare tas ba a nemi ƙari ba ba a bar saura ba. Rabi da sulusi da sudusi sun ba da ɗaya daidai, kuma wannan shi ne cikar shida ɗin da muke magana, an dai juya shi ta fuskar kaso ne. Ban ce don haka aka saukar da hukuncin ba fa, kar wani ya je ya ce Ticha ya fara fatawa, lissafin ne kawai ya zo iri ɗaya. Ita ma 28 haka take: rabi, da ɗaya bisa huɗu, da ɗaya bisa bakwai, da ɗaya bisa sha huɗu, da ɗaya bisa ashirin da takwas, ka haɗa ka samu ɗaya.

Yawancin lambobi masu giɓi ne, wajen uku cikin huɗu. Masu rara sun kusa ɗaya cikin huɗu, miliyan ɗaya ma tana cikinsu, masu raba ta in an tara 1,480,437 suke bayarwa. Cikakkun kuwa sai an tona. In na nuna wa yara 6 da 28 nakan ce to ku nemo min ta gaba kafin ɗari, sai ka ga kowa ya duƙufa, ana ta goge-goge, wani ya ɗaga hannu da 24 a tara a ga 36 ne, wani ya kawo 64 a tara a ga 63, saura ɗaya tak, ya riƙe kai kamar an ci shi a bugun fanareti. Daga ƙarshe dai akwai wadda za ta ajiye biro ta ce "Ticha babu fa, wasa kake mana." Kuma gaskiyarta, babu. Ta uku 496 ce. Ta huɗu 8,128.

Waɗannan huɗun tun zamanin Girkawa aka san su. Wani mai suna Nikomakus, mutumin Jarash da ke ƙasar Jodan ta yau, wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Annabi Isa, ya rubuta littafin lissafi ya jera su, ya duba ya ga wani tsari mai daɗin gani: ɗaya a cikin ɗaiɗaiku, ɗaya a cikin gomomi, ɗaya a cikin ɗaruruwa, ɗaya a cikin dubbai. Sannan ƙarshensu 6, 8, 6, 8, suna karɓa-karɓa. Sai ya faɗe shi a matsayin ƙa'ida, bai kawo hujja ba, waɗanda suka biyo baya kuma suka ɗauka suka yi ta maimaitawa, har aka zauna a kan cewa ta biyar dole alƙaluma biyar gare ta. Littafin ya yi yawo sosai, Sabit ibn Ƙurra na Bagadaza wanda ya rasu a 901 ya mayar da shi Larabci, Turawa ma sun karanta shi ta hanyar Latin ɗaruruwan shekaru.

To tsakanin 10,000 da 99,999 babu cikakkiyar lamba ko ɗaya. Cikin dubu ɗari-ɗari babu. Daga miliyan ɗaya har miliyan tara da 'yan kai babu. Daga 8,128 sai ka yi tsalle har 33,550,336, alƙaluma takwas. Rabin maganar Nikomakus ya faɗi ke nan. Ɗaya rabin ya ɗan ƙara numfashi tunda ta ƙare da 6 kamar yadda aka zata, amma ta shida da ta zo, 8,589,869,056, ita ma da 6 ta ƙare, shi ke nan aka rufe wannan ma. Abin da ya tsira kawai shi ne duk cikakkiyar lamba shafa'i, wato wadda biyu ke rabawa, da 6 take ƙarewa ko da 28, wannan kam an tabbatar da hujja.

Yanzu ta ina ake samo su, tunda ba wanda zai zauna ya gwada lamba miliyan talatin da uku ɗaya bayan ɗaya? Nan ne Yuklid ya shigo, wanda Larabawa ke kira Iƙlidis, ya zauna a Iskandariya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, wato ya riga Nikomakus da kusan shekara ɗari huɗu, kuma shi ba ya faɗin abu sai da hujja. A ƙarshen juzu'i na tara na littafinsa ya ce: fara da ɗaya ka yi ta ruɓanyawa, 1, 2, 4, 8, 16, kana tarawa kana tafiya. Duk inda jimlar ta zama lambar da ba mai raba ta sai ɗaya da ita kanta, irin su 3, 5, 7, 11, 13 da a aji muke ce wa firaim, to ka ninka jimlar da lambar ƙarshe da ka tsaya a kai, abin da ka samu cikakkiyar lamba ce.

1 da 2 uku ne, firaim, 3 sau 2 shida. Ƙara 4 ka samu 7, firaim, 7 sau 4 ashirin da takwas. Ƙara 8 ka samu 15, uku na raba ta, wuce. Ƙara 16 ka samu 31, sau 16, 496. Sai 63, wuce. Sai 127 sau 64, 8,128. Masu sayar da waya da memori a Adum PZ sun haddace wannan jerin ba su sani ba, 16, 32, 64, 128, 256, 512, kullum shi suke kira wa kwastoma.

Bayan 127 sai 255, biyar na raba ta. Sai 511, ita ce 7 sau 73. Sai 1,023, uku na raba ta. Sai 2,047, kuma a nan ramin yake. Duba fa, wuraren da abin ya yi aiki su ne inda aka tara lamba 2, lamba 3, lamba 5, lamba 7, duk firaim ne, to 2,047 kuma lamba 11 aka tara, 11 firaim ce, kowa zai ce ai an gama. Ka gwada ta da 3 ta ƙi, da 7 ta ƙi, da 11 saura ɗaya, da 13 da 17 da 19 duk ta ƙi, mutum ya gaji ya ce firaim ce ya ninka da 1,024 ya samu 2,096,128 ya rubuta ta a jerin cikakku. Da ya daure ya ƙara gwaji ɗaya tak da ya ga 23 sau 89 ne 2,047. Lambar nan 2,096,128 mai rara ce, ba cikakkiya ba. Wani Hudalrichus Regius ya buga wannan rabon na 23 da 89 a littafinsa a 1536.

Daga nan 4,095, biyar na raba ta. Sai 8,191, inda aka tara lamba goma sha uku daga 1 har 4,096. Don ka tabbatar firaim ce ba sai ka gwada duk lambobin da ke ƙasa da ita ba, 91 sau 91 ya riga ya wuce ta, saboda haka in tana da mai raba ta dole akwai ɗaya ƙasa da 91, firaim ɗin da ke ƙasa da 91 kuma guda 24 ne kacal daga 2 zuwa 89. Aikin zama ɗaya ne da biro da takarda. Fermat na Faransa ma a 1640 ya rage wahalar, ya gano cewa duk firaim da zai raba irin wannan jimlar ta lamba 13 dole ya zama ninkin 26 (13 sau biyu) ne da ɗaya a kai, wato 27, 53, 79, a cire 27 tunda ba firaim ba ce, saura biyu. 8,191 a raba da 53 saura 29. A raba da 79 saura 54. An gama, firaim ce. Ka gwada dabarar a kan 2,047 ka gani, ninkin 22 da ɗaya a kai, na farko ma 23 ne, da an san wannan tun da fari da ba wanda ya faɗa ramin.

To 8,191 sau 4,096 shi ne 33,550,336.

Ni ba na son a ce min "an ce", don haka ga masu raba ta nan duka, guda 26 ne har da ita kanta. Kashi na farko: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, 128, 256, 512, 1,024, 2,048, 4,096, jimlarsu 8,191 kamar yadda muka gani. Kashi na biyu shi ne 8,191 ɗin ana ruɓanya ta: 8,191, 16,382, 32,764, 65,528, 131,056, 262,112, 524,224, 1,048,448, 2,096,896, 4,193,792, 8,387,584, 16,775,168, daga nan sai ita uwar gayyar da muka ce a ajiye a gefe. Waɗannan sha biyun in ka tara 33,542,145 ne. Ɗora 8,191 na kashin farko a kai. 33,550,336. Ɗauki kalkuletar wayarka ka danna, minti biyu ne. Abin da ke burge ni a nan shi ne kana iya ganin dalilin da idonka, kashi na biyu ya ba da 8,191 har sau 4,095, saura guda ɗaya ya cika sau 4,096, kashi na farko kuma daidai wannan gudan ya kawo. Da 8,191 tana da wani mai raba ta a ɓoye da ƙarin lambobi sun shigo cikin tarin sun ɓata ma'aunin, abin da ya sami 2,096,128 ke nan.

Wa ya fara ganin ta? A ƙarni na 13 wani malamin lissafi na ƙasar Masar, Isma'il ibn Ibrahim ibn Fallus, ya rubuta jerin cikakkun lambobi, a ciki akwai wannan tamu da ta shida da ta bakwai, 137,438,691,328, duk da cewa ya haɗa da wasu da ba daidai ba. A Turai sai wajen 1456 aka gan ta a wani rubutun hannu da ba a san mai shi ba, sannan Pietro Cataldi na Italiya a 1588 ya tabbatar da ta shida da ta bakwai, da hannu, yana raba lamba da firaim ɗaya bayan ɗaya. Kafin su duka Ibn al-Haisam, ɗan Basra da ya zauna Alƙahira wajen shekara ta 1000, wanda aka fi sani da binciken gani da haske, ya yi ƙoƙarin nuna cewa hanyar Yuklid ita kaɗai ce hanya. Wannan fannin ba baƙon malamanmu ba ne sam. Su ne suka yi ta aiki a kan lambobi masoya juna, 220 da 284, da masu raba ta farko ke ba da ta biyu, masu raba ta biyu su ba da ta farko, har masu laya suka ɗauke su suna rubuta wa ma'aurata. Mu ma muna da namu, Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan yadda ake gina hatimi, gidajen lamba da kowane layi ke ba da jimla ɗaya. Shi ya sa nake jin haushi in yaro ya ce min lissafi na 'yan boko ne shi makarantar allo ya fito.

Ni dai a wurina darasin da ke cikin wannan lambar shi ne na Nikomakus. Mutumin ba jahili ba ne, misali huɗu ya gani duk sun tafi a layi ɗaya, tsarin ya yi masa kyau ya yarda. Yuklid kuwa bai yi wa kowa alkawarin yaushe ta gaba za ta zo ba, sharaɗi kawai ya kafa ya kawo hujjarsa, yau shekara dubu biyu da ɗari uku ba a taɓa kama shi da kuskure a wannan ba. Kullum in na wuce kiyos ɗin loto na ga dattijo da tabarau ya baje tsohuwar takarda yana zana layi da jan biro, wai duk sanda 17 ta fito ran Talata 71 na biyo ta, sai in tuna da wannan. Barin ma maganar haramcin caca, wannan na malamai ne. Lissafin kawai: a zaɓi lamba biyar cikin casa'in, hanyoyin da za su iya fitowa 43,949,268 ne, sun fi lambar tamu yawa da miliyan goma. Lamba biyun da 'yan loto ke zaɓa su ce tabbas ne, damar su fito tare kusan ɗaya cikin ɗari huɗu ce. Shi Nikomakus ma da yake aiki da lambobin da ke bin doka tsarin ya yaudare shi, ina ga ƙwallayen da inji ke juyawa.

Mu koma kanta, don ba rigar cika kaɗai take sawa ba.

In mutum huɗu suka haɗu kowa ya gaisa da kowa hannu da hannu sau ɗaya, musafaha 6 za a yi. In mu takwas ne a bes muna jiran ataya, 28. Mutum 32, musafaha 496. Mutum 128, musafaha 8,128. Ka tara mutum 8,192 a filin idi ka ce ba mai tafiya gida sai ya gaisa da kowa, musafaha 33,550,336 za a yi, naman Sallah kam sai dai a ci na baɗi. Dalili kuwa, na farko zai gaisa da 8,191, na biyu saura masa 8,190, haka har ƙasa, wato lambar ita ce jimlar 1 da 2 da 3 har zuwa 8,191. Irin waɗannan su ake kira lambobi masu kusurwa uku, don in ka jera duwatsu layin farko ɗaya, na biyu biyu, na uku uku, siffar da za ta fito ke nan. Tana kuma cikin masu kusurwa shida, ita ce ta 4,096 a wannan jerin.

Wani abin kuma, ɗauki lambobin wutiri, 1, 3, 5, 7, kowace ka ninka ta da kanta ka sake ninkawa. 1 da 27 sun ba da 28. Ƙara 125 da 343 ka samu 496. Ka ci gaba har 15 ka samu 8,128. Ka ci gaba har 127, wato wutiri 64 na farko, sai ga 33,550,336. Shida ce kawai ba ta shiga wannan ba.

A rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya kuwa ta fi kyan gani: 1111111111111000000000000, ɗaya goma sha uku sai sifili goma sha biyu. Shida 110 ce, 28 kuma 11100. Sai ɗan abin wasa, tara alƙalumanta, 3+3+5+5+0+3+3+6, ka samu 28, wadda ita ma cikakkiya ce, wannan dai dace ne kar a gina komai a kai. Amma in ka ci gaba, 2 da 8 goma, 1 da 0 ɗaya, wannan ɗayan ba dace ba ne, duk cikakkiya shafa'i in ban da shida a ɗaya take ƙarewa, ma'ana in ka raba ta da tara saura ɗaya ne.

Wadda na fi so ita ce wannan: duk wata lamba da ke ƙasa da ita za ka iya haɗa ta daga masu raba ta, ba tare da ka ɗauki ɗaya sau biyu ba. Dubu goma misali, 8,191 da 1,024 da 512 da 256 da 16 da 1. Gwada da shekarar haihuwarka ko lambar gidanku, ka fara da mafi girma da za ta shiga ka yi ta saukowa, ba za ta ƙi ba.

Kawuna da ke sayar da kayan gyaran mota a Suame Magazine ya taɓa samuna ina wannan rubuce-rubucen a takarda, ya tsaya a kaina ya ce "Kai yaro, wannan kuɗin wa kake ƙirgawa?" Na ce Kawu ba kuɗi ba ne, lamba ce kawai, na ɗan yi masa bayani. Ya ce "To na ji, me ake saya da ita?" Na ce ba komai Kawu. Ya ce "Allah ya shirye ka," ya wuce masallaci. Kuma amsar da na ba shi ita ce gaskiya, ba zan zo nan in yi muku ƙaryar cewa da cikakkun lambobi ake tsare kuɗinku na momo, wato kuɗin waya, ba. Manyan firaim dai ana amfani da su wurin kulle saƙonni da harkar banki a intanet, amma ba irin waɗannan da kowa ya san su ba. Cikakkiyar lamba ita kanta ba ta gyara injin kowa. Mutane sun bi ta ne don tambayar tana da sauƙin yi, yaron ƙaramar sakandare zai gane ta cikin minti biyar, amsar kuma ta gagari manya.

Irin su 3, 7, 31, 127, 8,191 yanzu da sunan Marin Mersenne ake kiransu, wani fada ne Bafaranshe da ya fitar da jerin hasashensa a 1644, shi ma ya yi kuskure a wasu. Ya sa jimlar da ake samu in an tara lamba 67 a cikin firaim, sai a 1903 Frank Cole a Amurka ya nuna 193,707,721 sau 761,838,257,287 ce. Leonhard Euler ɗan Suwizalan shi ya ƙarasa abin da Ibn al-Haisam ya fara, ya tabbatar cewa duk cikakkiyar lamba shafa'i dole ta hanyar Yuklid ta fito, babu wata ƙofa, hujjar ma sai a 1849 aka buga ta, shekaru da yawa bayan rasuwarsa a 1783. Shi ne kuma a 1772, lokacin idonsa ya riga ya tafi, ya tabbatar 2,147,483,647 firaim ce, wadda ta ba da cikakkiya ta takwas, 2,305,843,008,139,952,128. Saboda aikin Euler ne nake iya bugun ƙirji in ce tsakanin 8,128 da 33,550,336 babu wata shafa'i da ta ɓuya, ba sai na gwada su ba.

Yanzu aikin ya koma hannun kwamfuta. Tun 1996 akwai wani shiri da ake kira GIMPS, George Woltman ya fara shi, kowa na iya sauke manhajar kyauta ya bar kwamfutarsa tana gwaji dare da rana, ko da yake mu nan da kuɗin firipeid da ɗauke wuta sai mai ƙarfin hali. A watan Oktoba na 2024 Luke Durant, tsohon ma'aikacin kamfanin kayan kwamfuta na Nvidia, ya samo firaim ta 52 a jerin Mersenne, biyu a ninka ta da kanta har sau 136,279,841 a cire ɗaya, alƙalumanta 41,024,320. Cikakkiyar lambar da ta haifar tana da alƙaluma sama da miliyan 82. Akwai ma kyautar dala 150,000 da wata ƙungiya a Amurka ta ajiye wa duk wanda ya fara samo firaim mai alƙaluma miliyan ɗari, wannan da na gaya wa Kawu wataƙila da ya ja kujera. Ko jerin yana da ƙarshe ko ba shi da shi, har yau ba wanda ya kawo hujja ta kowane ɓangare.

Duk cikakkun lambobi 52 ɗin da aka samu shafa'i ne. Wutiri fa? Ko ɗaya ba a taɓa samu ba, kuma ba a iya tabbatar da cewa babu ba, ana lissafa ta cikin tsofaffin tambayoyin lissafi da suka rage a buɗe. Wutiri mai rara ma sai ka kai 945 kafin ka ga ta farko. A 2012 wasu masana biyu, Ochem da Rao, sun nuna cewa in ma akwai cikakkiya wutiri to ta haura lamba mai sifili 1,500 a bayan ɗaya. Wanda ya fi kowa kusantar ta Descartes na Faransa ne, a 1638, da 198,585,576,189. Ita ce 3 sau 3, sau 7 sau 7, sau 11 sau 11, sau 13 sau 13, sau 22,021. In ka ɗauki 22,021 a matsayin firaim ka yi lissafin, komai zai zauna daidai, cikakkiya ce kuma wutiri. Sai dai 22,021 ɗin 19 sau 19 sau 61 ce.